Ruwan Wankan Iorfa

Litinin, 3 ga Maris, da yamma

Namiji ne. Bari in sake rubutawa in gani da idona: namiji ne.

Ni Akaa, wanda bai riƙe fensir ba sai da gemunsa ya yi fari, yau ina rubuta cewa ɗana Ortese ya samu ɗa. Malamin ajinmu na yamma a majami'ar Assakio ya sha gaya mana, in abin daɗi ya same ku ku rubuta, don baki yana mantuwa. To ga shi na rubuta.

Ina rumbu ina duba irin doya aka kira ni. Ko ƙafa ban wanke ba na hau mashin zuwa Lafia. Sai da aka yi wa Sewuese matar Ortese aiki aka ciro shi, don ta kasa. Marigayiya matata Ngunan ta haifi bakwai a bayan ɗaki, kashegari tana daka. Da uwar Sewuese ta fara kukan 'yarta ta sha wuya, na ce mata yaron ne ya sha wuyar jira.

Hannunsa irin nawa ne. Babban yatsan ma a karkace yake.

Alhamis, 6 ga Maris, da hantsi

An sallamo su. Na tare a gidan hayar Ortese a Bukan Sidi, an shimfiɗa mini katifa a falo. Gona ta jira.

Na sa masa suna Iorfa. Sewuese tana son Sebastian. Na ce ta ajiye shi ranar baftisma, in fada ya tambaya.

Tunda Ngunan ba ta nan, ni na ɗauki aikin dafa ruwan wankansa safe da yamma. Kada kowa ya taɓa mini wannan aiki.

Yaro lafiya lau.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan majami'a

Yanzu da nake cikin gidan na ga aikin da Ortese yake yi, wanda na sayar da buhunan riɗi na shekaru don ya koyo. Ɗaki yake shiga da gajeren wando, ya toshe kunnuwansa da wani abu mai kama da faifai biyu, ya zauna gaban kwamfuta yana danna ƙananan haruffa masu launi a kan baƙin allo. Ya ce umarni yake rubuta wa kwamfuta, ita kuma ta lissafa wa wani kamfani a ƙasar Holan inda kayan jiragen ruwansu suke. Kowace safiya fuskokin Turawan suna fitowa a allon, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, kamar yara gaban hedimasta. In an zo kansa sai ya canza murya ta koma siririya.

Wani lokaci ya yini yana neman kuskure ɗaya. Jiya ya yi ihu har na ɗauka kunama ce. Ashe ɗigo ɗaya ya manta.

Na ce masa, "Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, shi ke nuna wa jirgi hanya?"

Ya ce, "Baba, kai ma ba ka taɓa ganin cikin ƙasa ba, amma ka san lokacin da doya ta nuna."

Ya iya baki. Tumbi kuma ya fara fito masa tun bai kai talatin da biyar ba.

Talata, 11 ga Maris, da azahar

Uwar Sewuese ta koma gida, mijinta ba lafiya. Sauƙi ya samu a falo.

Yanzu Ortese ne ke yi wa yaro wanka, yana kallon wata Baturiya a waya tana koya masa. Shi ke wanke ƙyallayen kashi. Ɗazu na leƙa ɗakin, na same shi ya ɗaure Iorfa a ƙirji da zanin matarsa, yana jijjiga shi da gwiwa, yana danna kwamfuta da hannu ɗaya. Na kira maƙwabcinsu Ɗanladi mai aski ya zo ya gani. Ɗanladi ya yi dariya har ya riƙe ƙofa, ya ce, "Oga Ortese, saura nono kawai!"

Na ce, "Shi ma da zai fi na uwar kauri."

Sewuese tana kwance a gadon bayansu. Ban san idonta biyu ba. Ko da na sani ma, gaskiya ce, yaron ba ya ƙoshi.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

An yi ƙaramin tashin hankali.

An ɗauke wuta tun jiya, amma a gidan nan ba a ganewa, don akwai wani akwati a lungun bayan kicin da manyan batura biyu, inbata suke kiransa, shi ke riƙe wa Ortese kwamfuta da akwatin netwok. Na ga hita a kicin, irin ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake tsomawa a bokiti. Na ce me zai sa in ɓata gas. Na jona shi. Bokiti na farko ya tafasa, na sa na biyu. Can sai akwatin ya fara kuka, fit, fit, fit, kamar ɗan tsako. Ban kula ba. Sai komai ya mutu.

Ortese ya fito da abin kunnensa a wuya, idonsa ja. "Baba, me ka jona?"

Na nuna masa. Ya dafe kai. Ya ce batirin cikin kwamfutarsa ya kumbura ya cire shi, sabon da ya aika a kawo daga Abuja bai iso ba, don haka in inbata ya mutu ita ma ta mutu nan take. Ya ce hita yana shan batir kamar yadda rani ke shan rafi, abin da zai kai shi yini guda sai ya tafi a bokiti biyu. Yana cikin magana da shugabarsa aka yanke.

Na ce, "To ka gaya mata ruwan ɗanka ake dafawa. Ita ba ta haihu ba ne?"

Ya zare hitan, ya naɗe wayar, ya ɗora a can saman wadirof ɗin falo. Kamar ni yaro ne da aka ƙwace wa wuƙa.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Iorfa ya riƙe yatsana bai saki ba har ya yi barci. Na rera masa waƙar da ubana yake yi in ana tada kunyar doya. Na ce masa gonar bakin rafi tasa ce.

Litinin, 17 ga Maris, bayan la'asar

Sun ce za su kai yaro awo. Na ce zan bi su. Suka kalli juna.

Bayan awo mai keke bai nufi gida ba, sai shagon mai hoto. Aka shimfiɗa farin ƙyalle aka kwantar da Iorfa, mai hoto yana ta kaɗa makulli yana cewa dole ido ya buɗe, in ba haka ba ofishin fasfo ba za su karɓa ba.

Na yi makarantar yamma, amma ba a yamma aka haife ni ba. Na san fasfo.

Da muka shiga gida na zauna a kujera na ce, "Ortese, ina ɗana zai je?"

Ya durƙusa, abin da rabon da ya yi tun ranar aurensa. Ya ce kamfanin yana da gurbi ɗaya na dindindin a can Holan, da gida, da takardun mata da ɗa. Su biyu ake gwadawa, shi da wani a wata ƙasa. Saura jarrabawa ɗaya. Za su ba shi matsala, ya warware a gabansu suna kallon allonsa. Da farko ranar haihuwar Iorfa za a yi, suka ɗaga masa. Sun ce ba za a sake ɗagawa ba. Alhamis ta mako mai zuwa, ƙarfe biyu.

Na ce, "In ka ci fa?"

Ya ce ƙarshen Afrilu za su koma Abuja jiran biza. Har ya gaya wa mai gida ba zai sabunta haya ba.

"Yaushe za ka gaya mini? Daga cikin jirgi?"

"Baba, za mu riƙa zuwa duk Kirsimeti."

Na yi dariya. Na ce, "Norbert ma haka ya ce."

Sewuese ta ce daga bakin ƙofa, "Baba, don yaron ne. Can in ya yi zazzaɓi—"

Na ce mata ba da ita nake magana ba, kuma wadda ba ta iya fito da yaro da kanta ba kada ta koya mini yadda ake raya shi.

Talata, 18 ga Maris, da asuba

Norbert.

Laraba, 19 ga Maris, da rana

Bari in rubuta shi, tunda ya hana ni cin abinci.

Norbert shi ne babban ɗana. Ya tafi Kanada da alkawarin shekara biyu. Da uwarsa ta mutu, a waya ya kalli jana'iza, wani yaro yana riƙe da wayar a bakin kabari, muryarsa tana yankewa. 'Ya'yansa uku. Ana nuna mini su a allo ranar Kirsimeti, su ɗaga hannu su ce "Hai Giranfa," su gudu. Ko kalma ɗaya ta harshenmu ba su sani ba. Ban san warin kansu ba.

Na san warin kan Iorfa. Kamar sabuwar ƙwarya da aka zuba wa madara.

An haife ni tun zamanin Bature, kafin a sauke tutarsa. Kirsimeti nawa ya rage mini?

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Ortese ba ya barci. Yaro ya yi kuka ya tashi, yaro ya yi shiru ya koma kwamfuta yana gwada tsoffin tambayoyi. Ɗazu ya zuba garin madara a shayinsa, na yaron. Na ce in ba zai iya bambance kofinsa da na jariri ba, yaya zai yi da jiragen mutane. Ya yi murmushi irin na marar lafiya.

Na ce ya kawo yaron in riƙe masa ya samu ya yi karatu. Ya yi ta godiya. Na riƙe shi tun azahar har rana ta faɗi.

Yaro lafiya lau. Na gode wa Allah.

Lahadi, 23 ga Maris, bayan majami'a

An ce mai roƙo ya ɗaga hannu. Sewuese ta tashi da ƙyar, tana dafe da cikinta, ta ce a yi wa mijinta addu'a yana da jarrabawa. Jama'a suka ce amin.

Ni ma na yi tawa addu'ar. Allah ya san wadda ya ji.

Matan zumunta sun biyo mu gida barka, da tulunansu na kiɗa da caki. Na yi rawa da Iorfa a tsakar gida har gwiwata ta ƙi. Wata tsohuwa ta ce, "Baba, wannan ai kai ka dawo tun ba ka tafi ba." Na ba ta goro biyu.

Talata, 25 ga Maris, da hantsi

Ortese ya tsara ranar Alhamis kamar mai shirin yaƙi, ya zaunar da mu ya faɗa.

Daga daren Laraba ba fanka, ba talabijin, ba cajin waya, don batura su cika su zauna. Ɗanladi ya yi alkawarin ba zai tafi shago da ƙaramin janaretonsa ba ranar, zai bar shi a bakin ƙofa da mai a ciki, ko da wani abu zai faru. Sewuese za ta tafi da yaro ɗakin matar Ɗanladi don kada a ji kuka. Ni kuma in zauna a gida in tsare ƙofa, kada kowa ya buga.

Ya ce, "Baba, kai ne sojana."

Na ce to.

Laraba, 26 ga Maris, da safe

Na je aski wurin Ɗanladi. Mun ɗan yi hira.

Laraba, da yamma

Zafi ya yi yawa. An kawo wuta da rana, batura sun cika, an sake ɗaukewa. Ortese ya leƙa akwatin ya fi sau nawa, yana shafa shi kamar akuya mai ciki.

Saman wadirof ɗin nan ya yi ƙura. Matan yanzu ba sa duba sama. Na hau kujera na goge.

Alhamis, 27 ga Maris, da azahar

Ortese ya sa farar riga a sama, ya ɗaura nakatai a wuya, gajeren wando a ƙasa. Ya durƙusa ya ce in sa masa albarka. Na ɗora hannu a kansa na ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Ya ce amin da ƙarfi.

Sewuese ta fita da yaro. Ya rufe ƙofar ɗaki. Ina jin siririyar muryar nan tana gaishe su.

Gidan shiru. Ba abin yi.

Alhamis, bayan magariba

Ruwan Iorfa ya yi zafi da wuri yau. Na cika filas biyu, da babban bokiti, da na wanke ƙyallaye. Gas ɗin ban taɓa shi ba, Sewuese ta sha cewa a riƙa tattali.

Ɗan tsakon nan ya yi ta kuka a lungu. Mai abin kunne ba ya ji. An ce in tsare ƙofa kada a dame shi, ban dame shi ba.

Abin da ya biyo baya na gan shi daga kujerata. Ortese ya fito a guje ba takalmi, ya yi bakin ƙofar Ɗanladi. Ba janareto. Ya tsaya yana juyawa a tsakar gida yana kiran sunan Yesu. Ya koma ɗaki ya sungumo kwamfutar, waya tana jan ƙasa, ya fita titi da nakatai da gajeren wando yana tsayar da mashin. Yaran unguwa suka bi shi da dariya. Gaskiya abin da ban dariya.

Ya ce kafin ya kai shagon Ɗanladi, a tada janareto, kwamfuta ta farka, netwok ya kama, lokacin ya kusa cika. Ya ce ya riga ya gano hanyar warware matsalar, saura ya rubuta. Ya ce sun yi masa magana mai daɗi.

Da ya dawo bai shiga ɗaki ba. Ya tsuguna bakin kwata ya yi amai. Sewuese tana shafa bayansa da hannu ɗaya, yaro a ɗayan. Na karɓi yaron don ta ji daɗin shafawa.

Ni na yi masa wanka yau, karo na farko. Ruwan daidai, ba zafi ba sanyi. Ya buɗe ido yana kallona, bai yi kuka ba ko kaɗan.

Na ci sakwara malmala biyu.

Juma'a, 28 ga Maris, da safe

Ortese ya buɗe bayan akwatin yana auna batura da wata ƙaramar na'ura. Yana ta cewa, "Ba zai yiwu ba. Cike suke. Na duba da idona." Ya kira mai sayar da baturan ya zage shi tas, ya ce ya sayar masa da gawa. Mutumin yana ta rantsuwa.

Na ce masa kayan yanzu ba su da amana.

Yaro lafiya lau.

Asabar, 29 ga Maris, da la'asar

Ɗanladi ya shigo da lemo a leda, wai jaje. Mutumin nan bakinsa ya fi almakashinsa aiki.

Ya ce, "Oga Ortese, wallahi abin ya dame ni. Da na san ranar ne, ko kwastoma ɗari ne ba zan ɗauki janareto ba. Ai Baba Akaa ne ya ce an mayar Juma'a."

Sewuese tana ninke kayan yaro, hannunta ya tsaya.

Na ce, "Ni? Ɗanladi, ƙarar injin askinka ta cinye maka kunne."

Ya ce, "Haba Baba, har ka ce—" Sai ya kalli fuskar Ortese, ya ce yana da mutum a kujera, ya fita. Lemon ma a ƙasa ya ajiye.

Ortese ya ce, "Baba tsufa ne. Ranaku suna rikice masa." Ba ni yake gaya wa ba, ba kuma Sewuese ba. Bango yake kallo.

Sewuese ta ce, "Ranar Alhamis da na dawo, na samu ruwan zafi ya cika ko'ina. Na ɗaga tukunyar gas, nauyinta bai ragu ba."

Ya ce, "Sewuese."

Ta ce, "Ban ce komai ba. Nauyin gas na faɗa."

Ya tashi ya je gaban wadirof. Dogo ne, ba ya bukatar kujera. Ya miƙa hannu sama ya shafa, ya sauko da hannun ya duba tafinsa. Ba ƙura. Hitan yana nan inda ya ajiye shi, sai dai naɗin wayar ba irin nasa ba ne. Ni irin naɗin igiyar akuya na iya.

Ya daɗe a tsaye. Ni ina yi wa Iorfa wasa da leɓe, brrr, brrr, yana son wannan.

Lahadi, 30 ga Maris

Ba wanda ya je majami'a sai ni.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Saƙo ya zo. Ɗayan suka ɗauka. Aikin da Ortese yake yi musu ma wanda aka ɗauka zai haɗa da nasa, daga ƙarshen wata.

Ya karanta, ya rufe kwamfutar a hankali kamar mai rufe idon mamaci. Sewuese ta shiga banɗaki ta kunna famfo, ko da yake ba ruwa a famfon.

Na ce musu Allah ba ya kuskure. Na ce ƙasar sanyi ba ta dace da jariri ba, ga Norbert can an ce har gashinsa ya zube.

Batirin kwamfutar ya iso daga Abuja yau. Ɗan aike ya yi ta buga ƙofa. Ni na karɓa.

Asabar, 5 ga Afrilu, da hantsi

Yanzu Ortese yana gaishe ni da safe, "Baba ina kwana," da yamma, "Baba sannu da gida." Shi ke nan. Ba ya ƙara kalma, ba ya ragewa. Yaro mai ladabi, tun yana ƙarami.

Sewuese ta daina ba ni yaron da hannunta. Tana kwantar da shi a tabarma ta tafi, ni in ɗauka. Duk ɗaya ne a wurina.

Ta rame. Na gaya mata in ba ta ci ba nonon zai ƙara tsinkewa.

Talata, 8 ga Afrilu, da rana

Ortese ya je wurin mai gida ya ce sun fasa tashi. Mai gida ya ce ya riga ya ba wani malamin jami'a, har ya biya.

Yana ta aika takardun neman aiki ta kwamfuta, yaro a ƙirji. Wasu ba sa amsawa, wasu su ce sun gode. Wani abokinsa mai shagon kwamfuta a Shabu ya ce ya zo ya riƙa buga wa ɗalibai takardunsu kafin wani abu ya fito.

Na ce ga ɗakuna uku a Assakio ba kowa ciki sai ɓeraye. Ɗakin Ngunan ma rufinsa sabo ne. Ba haya, ba mai gida, ga doya, ga rafi.

Sewuese ta ce gara ta koma gidan ubanta. Na tuna mata ubanta yana kwance, ɗaki ɗaya gare su, kuma ɗan Akaa ba ya girma a gidan wani. In tana son tafiya hanya a buɗe take, yaro dai ya san inda zai kwana.

Ta kalli mijinta. Mijinta yana kallon allo.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi. Na fito da Iorfa bakin ƙofa ya shaƙa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da yamma

An zo an sayi inbata da batura. Mai sayen ya auna su ya ce lafiyarsu ƙalau, kamar sabbi. Ortese ya ce, "Na sani."

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar, Assakio

Mun iso. Mota ɗaya ta kwashe komai. Ni na zauna gaba da Iorfa a cinyata, ina nuna masa gonaki ta taga, wannan ta wane ce, waccan tamu ce. Da muka shigo, mutanen unguwa suka fito da guɗa. Na ɗaga shi sama kowa ya gani. Na kai shi kabarin Ngunan na ce mata, ga shi, wannan bai tafi ba.

Netwok ba ya kamawa a cikin gida, sai an hau tudun bayan makaranta. Ortese ya riga ya gano wurin. Ina hango shi daga nan, tsaye da waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Ranar Litinin zai fara zuwa Shabu a mashin. Na ce kafin nan ga fartanya, tumbin nan ya samu abin yi.

Sewuese ta shiga ɗakin Ngunan ta rufe ƙofa. Za ta saba. Duk sun saba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da safe

Da na dawo daga kewaye na samu Ortese a ɗakina da guduma. Ya kafa ƙusa a bango, daidai saman inda nake sa kai. Ya ciro hitan daga leda ya rataye shi a kai, ya gyara shi ya zauna sosai.

Na ce, "Ortese, ai nan ba wuta."

Ya ce, "Na sani, Baba. Naka ne." Ya ce in huta lafiya, ya fita.

Ina kwance yanzu, in na ɗaga ido shi nake gani. Ban san amfanin da zai yi a nan ba. Ban sauke shi ba.

Na hura itace na dafa ruwan wanka a tukunyar Ngunan. Da na tsoma shi ciki, Iorfa ya kalle ni ya yi dariya, ta farko a rayuwarsa, har da ɗan sauti. Na kira uban ya zo ya gani. Yana kan tudu, bai ji ba.

Yaro lafiya lau. Na gode wa Allah.